Almon a Kwanon Mai Dama Kunu

Sollia, 29 ga Nuwamba, 1982

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa tare da so da kewa. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kuma tarin nan da ya kama ki ya sake ki. Yaya aiki a ɗakin wankin? Hannuwanki har yanzu suna tsagewa? Mu nan lafiya lau. Baba lafiya, Kaka ma lafiya in ban da ƙugunta da yatsunta, shanu goma sha ɗaya duk suna tsaye da ƙafafunsu.

Bayan haka, takardar makarantar nan ta Trondheim ta iso. Na gode, Mama. Na ga sa hannunki a ƙasa, na kuma ga layin da ke kusa da shi, wanda ke jiran na Baba. Na karanta inda suka ce in ba ta koma musu zuwa uku ga Janairu ba, za su ba wata gurbin. Na ninke ta na sa a cikin littafin da kika aiko mini, na likitan nan mai idanu ruwan toka da ma'aikaciyar jinyarsa. Babu mai buɗe irin wannan littafi a gidan nan.

Ban gaya wa Baba ba tukuna. Ranar Alhamis na bi shi ɗakin shanu da maganar a shirye, na tsaya a bayansa har ya gama tatsar saniyarmu Dagros. Da ya juyo ya ce mene ne, sai na ji bakina yana tambayarsa ko zai sha kofi. Kin san ni. A raina ina iya tsara magana mai shafi uku, a fili kuwa sai kunnuwana su yi ja.

Don Allah kada ki buga waya. Wayar na nan a zaure inda kika bar ta, ƙofar Kaka kuma ba ta rufuwa. Ki dinga rubutowa, ni ke ɗauko wasiƙu. Fitata ke nan guda a wuni: daga ƙofa zuwa akwatin wasiƙa a bakin titi. Ina daidaita ta da ƙarfe biyu da minti goma, lokacin da motar Trondheim ke wucewa. Nakan tsaya in ga fitilunta sun sha kwanar gada, sannan in hauro.

Jiya aka kunna kyandir na farko na jiran Kirsimeti. Muna gama cin abinci Kaka ta buga sandarta a ƙasa ta ce bana ma biskit kala bakwai za a toya, kamar kowace shekara. Gwaggo Jorid ta bugo waya ta ce me zai hana a sayi uku ko huɗu a kanti, tunda babu hannu a gidan. Daga kicin na ji amsar Kaka:

"Biskitin kanti a Sollia? Ki bari sai kun fitar da ni a akwati."

Da ta ajiye wayar ta ce mini bana maƙwabta ba shan kofi za su zo ba, ƙirga za su zo. Za su duba faranti su ga ko gidan Oddvar ya rushe tun da matarsa ta ɗauki jaka. Haka ta faɗa, Mama, ban ƙara komai ba. Ba ta ambaton sunanki. "Waccan" take cewa.

Mun fara da lefse, siririn burodin dankalin nan, duk da shi ba ya cikin ƙirgar bakwai ɗin. Kwana uku ina fere dankali, ina niƙa, ina murzawa. Kaka na zaune a kujera kusa da tanda tana ba da umarni, don yatsunta ba sa riƙe sandar murji yanzu. Ta ce in sirirta shi har in iya karanta jarida ta cikinsa, tunda ni sarauniyar karatu ce. Na farko goma duk sun yage. Na sha ɗaya ya fito kamar mayafi. Sai ta tashi da kyar ta ciro rigar girkinki mai shuɗin layi daga bayan ƙofa ta miƙo mini. Ta yi mini daidai. Ban so ta yi mini daidai ba.

A watan Satumba, da Baba ya ce in dakatar da makaranta, cewa ya yi zuwa Kirsimeti kawai. Yanzu babu mai tuna wannan "kawai" ɗin sai ni.

Ki huta lafiya. Ki shafa man nan a hannunki.

Ni ce 'yarki,
Unni


Sollia, 8 ga Disamba

Mamata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kin tashi lafiya kuma sanyin birni bai matsa miki ba. Nan ƙanƙara ta kai gwiwa, rana kuma leƙowa kawai take yi bayan dutse ta koma. Kowa lafiya.

Mama, na yi ɓarna.

Gwangwani huɗu sun cika: na citta da kanumfari, na man shanu da ake dannawa a ƙananan kwanoni, zoben da ake soyawa a kitse, da "talaka", wanda har yau ban gane dalilin sunansa ba tunda ƙwai takwas ya cinye mana. Ranar Litinin muna kan na biyar, masu kama da kambi. Na sa tire a tanderu, Kaka ta tafi kwanciyar rana. Minti goma ne kawai, sai na ce bari in ɗan leƙa littafina. Saura shafi talatin in gama. Ma'aikaciyar jinyar tana tsaye a bakin tashar jirgin ruwa da akwatinta, jirgi ya yi kuka sau biyu, likitan bai zo ba. Ina can tare da ita a kan gaɓa, iska na kaɗa mana gashi, ban ji ƙauri ba sai da hayaƙi ya cika kicin.

Kaka ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi gawayin nan guda ashirin da huɗu, ta dubi littafin, ta miƙo hannu. Ta ce man shanu ba daga sama yake faɗowa ba, littafin kuma zan gan shi bayan Kirsimeti in na yi hankali. Ta sa shi a shuɗin akwatinta ta kulle, makullin na cikin tarin da ke ƙugunta.

Takardar makarantar tana ciki.

Da zan iya cewa, Kaka, akwai takardata a ciki, da komai ya zo da sauƙi. Amma sai ta tambayi ta mece ce, kuma daga ina. Na tsaya ina kankare tire, hawaye na ɗiga a kansa, ta ɗauka kukan biskiti nake yi. Har ta dafa kafaɗata ta ce kowace mace ta taɓa ƙona tire.

Da yamma saƙa muke yi. Ina saƙa wa Baba safar hannu baƙa da fara mai furen nan mai kusurwa takwas. Kaka na ƙirga mini idanun saƙa daga inda take zaune, ba ta ko duba, ta ce na tsallake ɗaya, kuma in na duba sai in ga gaskiya ce. Baba na sauraron labarin yanayi a rediyo. Agogo na bugawa. Wani lokaci nakan ji kamar gidan nan gwangwani ne na takwas, an jera mu a ciki an danna murfi don kada mu sha iska.

Abu biyu nake roƙonki. Na farko, yaya kike yin krumkake, siririn biskitin nan da ake gasawa a cikin ƙarfe mai zane a naɗe shi? Shi ne na bakwai, kuma ke kaɗai ke yin sa tun da hannun Kaka ya ƙage. Ba a rubuce yake ko'ina ba, Kaka kuma ta ce ta manta awon, amma na san ba za ta nemi abu daga wurinki ba ne.

Na biyu. Ba za ki zo ba, ko na wuni ɗaya? Ki sauka daga motar ƙarfe goma sha ɗaya, ki gaya wa Baba da bakinki, mu bi ta ƙarfe biyu tare. Na riga na gan shi a raina sau da yawa: kina sanye da jan kwat ɗinki, kin tsaya a bakin ƙofa ƙanƙara na narkewa a gashinki, kin ce, Unni, ɗauko kayanki.

Ina jiran amsa. Allah ya bar mu tare.

'Yarki,
Unni


Sollia, 15 ga Disamba

Mama,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya.

Wasiƙarki ta zo jiya. Na karanta ta a tsaye a bakin titi har yatsuna suka daina ji. Na gode da awon krumkake. Sauran kuwa ban gode ba, kuma tunda a takarda ne zan iya faɗa.

Kin ce ba za ki zo ba. Kin ce in kika taka ƙofar nan kika ga gwangwanaye a jere da hannun Kaka, ba ki da tabbacin za ki iya sake fita. Kin ce maganar tawa ce, ni zan faɗe ta, kuma in wani ya faɗa mini ita to ba tawa ba ce. Na ji. Amma ke wa kika gaya wa? Washegarin da aka gama haƙar dankali kika wanke kwanonin safe, kika goge tebur, kika rataye rigar girki a bayan ƙofa, kika bi motar ƙarfe biyu. Takarda kika bari a ƙarƙashin gwangwanin sukari. Ni na same ta. Shekara goma sha takwas kina gidan nan ba ki iya faɗa ba, ni mai shekara goma sha shida kike so in faɗa cikin mako biyu?

Kin san da kika rataye rigar nan wani zai ɗauka. Mace nawa ce a gidan mai hannu biyu masu aiki?

Na rubuta wannan, na tashi na zagaya ɗaki, na dawo. Ba zan yaga ba. Amma kada ki ɗauka na daina sonki. Da na daina da bai yi zafi haka ba.

Kala shida sun kammala. Mun shiga wanke gida: bango, rufi, bayan kabad, har ƙarƙashin matakala inda babu mai gani sai Allah da Kaka. Jiya na ciro akwatin kayan ado daga soro. Kwandunan takarda masu siffar zuciya da muka saƙa bara sun lanƙwashe, Kaka ta ce a yi sababbi, ja da fari, guda ashirin. Ina yanka takarda ina tuna yadda kike kama yatsana ki nuna mini: wannan ya shiga cikin wancan, wancan ya rungume wannan, ba sama da ƙasa ba ne kamar tabarma, in ba haka ba zuciyar ba za ta buɗe ta riƙe komai ba.

Na sake gwada yi wa Baba magana ranar Lahadi, muna dawowa daga coci. Mu biyu ne a mota. Na ce, Baba, batun Janairu. Ya ce ai kuwa, a Janairu Dagros za ta haihu, zai buƙaci in riƙa taya shi. Ya ce bai san yadda zai yi ba da babu ni. Bai taɓa faɗa mini magana mai daɗi haka ba. Sai na juya ina kallon taga.

Saura kwana goma sha tara. Takardar na cikin akwati, akwatin na ƙarƙashin gadon Kaka.

Ki yafe mini kaushin wasiƙar nan. Ki huta lafiya.

Unni


Sollia, 21 ga Disamba

Mamata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, kuma wasiƙata ta baya ba ta hana ki barci ba. 'Yar gajeriyar amsarki ta zo. Kin ce ina da gaskiya. Ban san abin da zan yi da gaskiyar ba, amma na ajiye ta a ƙarƙashin matashi.

Krumkake ya yi, Mama. Na bi yadda kika ce: cokali biyu na ruwan sanyi a kwaɓin, in rufe ƙarfen in ƙirga ashirin, in juya in ƙirga goma sha biyar, in naɗe shi da zafinsa a kan ɗan katakon kafin ya yi tauri. Ba ki gaya mini cewa da tsinin yatsu ake naɗewa ba. Yanzu na gane dalilin da kike iya ɗaukar tukunya mai zafi ba tsumma. Na yi guda tamanin. Yatsuna huɗu sun yi bororo.

Kaka ta ɗauki ɗaya, ta ɗaga shi wajen taga ta duba zanen, ta gatsa. Ya fashe a bakinta kamar ƙanƙarar safe. Ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce:

"Ya fi na waccan."

Kunya nake ji in gaya miki, amma na ji daɗi. Daɗin ya taso mini tun daga ciki har wuya.

Yau ce ranar da dole komai ya kammala, kuma ya kammala. Mun kwashi gwangwani bakwai zuwa rumbu, ni da Baba, Kaka na biye da sandarta a kan hanyar da ya share mata. Muka jera su a kan kanta kusa da lefse da naman da aka rataye. Ta ƙirga da sanda, ɗaya zuwa bakwai. Sai ta kwance babban makullin rumbun daga ƙugunta. Ta riga ta saƙa masa igiya ja, da waɗannan yatsun nata, ban san kwana nawa ta ɗauka ba. Ta rataya mini a wuya. Ta ce uwar mijinta ce ta ba ta shi a wannan wuri, ita kuma shekara arba'in da tara tana riƙe da shi ba ta ga wadda za ta ba ba sai yau.

Mama, ke ba ta taɓa ba ki ba. Kullum sai kin je kin roƙa in za ki ɗebo gari. Ni kuwa ga shi a wuyana, sanyinsa na ratsa rigata. Baba ya yi murmushi, na farko tun Satumba. Me zan ce? Na ce na gode.

Ashe duk abin da na iya ƙulli ne. Da na ƙona bakwai ɗin gaba ɗaya, da wataƙila sun tura ni makaranta da kansu.

Akwai kuma wani abu. Da muka dawo kicin, Kaka ta ja ni gefe ta ce bana ni zan dama kunun shinkafar ranar jajibiri, ni zan zuba wa kowa. Kin san al'adar: ana ɓoye ƙwayar almon ɗaya, mai kama da gyaɗa, a cikin kunun, wanda ya same ta a kwanonsa shi ke cin kyautar ɗan aladen alawa. Ta ba ni ƙwayar almon ɗin a tafin hannu, ta nuna mini yadda ake jiƙa ta a ɓare bawon ta zama fara fat, ta ɓace a cikin kunu. Sannan ta rage murya ta ce ba a tukunya ake jefa ta ba. Mai damawa na riƙe ta a ƙarƙashin ludayi, ta saka a kwanon wanda ya kamata. Ta ce bana in ba Babana, ya sha wahala.

Na tsaya baki buɗe. Ni duk rayuwata na ɗauka sa'a ce. Na shiga ƙirgawa: ni na samu sau shida ina ƙarama, Kaka ta samu shekarar da Kaka namiji ya rasu, Gwaggo Jorid shekarar da ta yi ɓari, Baba shekarar da ciyawa ta ruɓe. Na nemi shekararki ban samu ba. Ina tuna ki tsaye da ludayi kina dariya kina cewa ke ba ki da sa'a.

Na tambayi Kaka, to ita mai damawar fa? Ta dube ni kamar na tambayi ko saniya na zuwa coci. Ta ce mai damawa ba ta samu.

Na aiko miki da safar hannu a wani ƙunshi daban. Babban yatsan hagu ya ɗan fi tsawo. Barka da Kirsimeti tun yanzu, Mama. Ki kunna kyandir ko da ke kaɗai ce.

'Yarki mai kewarki,
Unni


Sollia, 26 ga Disamba

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da barka da Kirsimeti. Ina fata kin yi bikin lafiya, kuma matar da kuke aiki tare ta gayyace ki kamar yadda ta yi alkawari. Mu nan kowa lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Gwaggo Jorid da mijinta Edvin sun iso ranar Alhamis. Gwaggo ta buɗe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, ta ga makulli a wuyana, ta rungume ni ta ce to, Sollia ta sami uwar gida, yanzu hankalinta ya kwanta. Edvin ya ce saura a samo mini wani mai tarakta daga ƙetaren kogi, shi ke nan an rufe ƙofa. Kowa ya yi dariya.

Ranar jajibiri tun safe na ɗora kunun. Awa guda da rabi ina juyawa don kada madarar ta kama. Almon ɗin na aljihun rigar girkinki. Wallahi Mama ban shirya komai ba. Na jera kwano biyar, na zuba, na sa kirfa da sukari da ɗan man shanu a tsakiyar kowanne. Na ɗauki almon ɗin na nufi kwanon Baba mai shuɗin baki. Sai na ga hannuna ya wuce shi.

Muka zauna ƙarfe goma sha biyu. Ɗan aladen alawar yana tsakiyar tebur da jan zare a wuya, yana jiran mai rabo. A cokali na uku na ji ta a haƙorina. Na tura ta cikin kunci na yi shiru, kamar yadda ake yi, sai kowa ya cinye. Shiru dai na iya shi. Edvin ya yi ƙari sau biyu yana cewa bana tasa ce ko zai fashe. Kaka na satar kallon Baba. Baba ya kankare kwanonsa tas, ya ɗaga kafaɗa. Edvin ya ce to wane ɓarawo ne ya haɗiye, kowa ya buɗe baki a duba. Gwaggo ta buɗe, shi ya buɗe, Baba ya buɗe.

Na ciro ta na ajiye a kan tebur.

Edvin ya fara tafi, Gwaggo ta taka masa ƙafa. Ita ta sani, ita ma mai damawa ce a gidanta. Kaka ta ajiye cokali a hankali.

"A gidan nan mai damawa ba ta ba kanta," in ji ta.

Kunnuwana kamar za su kama da wuta. Ban iya kallon kowa ba, almon ɗin nake kallo. Na ji muryata ƙarama:

"Na sani, Kaka. Ba na son zama mai damawa. Baba, ka ce zuwa Kirsimeti kawai. Yau Kirsimeti. Akwai makarantar da ta ɗauke ni a Trondheim, sa hannunka ake jira."

Duk shafi ukun da na tsara, abin da ya fito ke nan. Na cire makullin daga wuyana na ajiye kusa da almon ɗin. Baba ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce zai duba Dagros.

Sauran wunin ban san yadda ya wuce ba. An je coci, an buga ƙararrawa ƙarfe biyar, an ci haƙarƙari, an zagaya itacen Kirsimeti ana waƙa hannu cikin hannu. Hannun Kaka na cikin nawa, a bushe, bai matsa ba bai saki ba. Baba ya buɗe safar hannunsa ya ce sun yi kyau. Makullin yana nan a tebur, ana ta ɗaga faranti ana kewaye shi.

Jiya da safe na je taya shi tatsa. Mun gama shanu huɗu. Sannan, kansa na jingine da cikin saniya, ya ce:

"Mamarki ba ta taɓa samu ba?"

Na ce ko sau ɗaya.

"Ni na ɗauka rashin sa'a ce."

Shekara arba'in da shida yana cin kunun nan, Mama, bai sani ba. Daga baya ya tambayi inda takardar take, na gaya masa.

Ban san me suka faɗa da Kaka ba, sun rufe ƙofa, karo na farko da na ga ƙofar nan a rufe. Bayan cin rana ta kira ni. Tana zaune a bakin gado, littafina a cinyarta. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Na buɗe inda na tsaya, takardar ba ta nan. Tana can shafin ƙarshe, an mayar da ita alamar karatu.

Ta karanta littafin, Mama. Har ƙarshe. Ta ga takardar tun ranar da ta ƙwace shi, mako biyu kafin ta rataya mini makulli. Ban san ko fushi nake ba ko tausayi. Ta ce ta ɗauka in na ji nauyinsa a wuya zan zauna, don ita haka ya zaunar da ita. Sai ta ce:

"Likitan nan naki sakarai ne. Bai zo ba sai da jirgi ya tashi. Ita ma da ta tsaya jiransa, da tana nan tana daskarewa."

Daga nan ta juya fuska bango ta ce in ja mata ƙofa. Tun lokacin ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ce wa Gwaggo ta ce mini in miƙo gishiri.

Baba ya sa hannu a teburin kicin. Biron ya ƙi rubutu sai da ya hura masa iska. Da ya gama ya ɗauki makullin, ya juya shi, ya rasa inda zai kai shi, ya cusa a aljihun wandon aikinsa, jar igiyar na leƙowa. Yau da safe ya ce in nuna masa yadda ake dafa dankali. Ya ƙone. Kaka ta ci haka nan.

Kada ki ɗauka murna nake yi tsantsa. Ina kallon yatsunta a kan kofi sai in ji kamar in yaga takardar. Dagros za ta haihu ba na nan. Gobe maƙwabta za su fara zuwa, za su ƙirga su sami bakwai cif, su yaba, ba su san mai toyawar ta ɗaure kaya ba.

Zan biyo motar ƙarfe biyu da minti goma ranar Lahadi, biyu ga wata, takardar a cikin rigata, Litinin da safe in kai musu da hannuna. Ki tarye ni a tasha. Ba sai kin sa jan kwat ba.

Ɗan aladen yana cikin jakata, na naɗe shi a safa don kada ya karye. Naki ne. Kunne ɗaya kawai na gatsa, ki yafe mini.

Sai na zo. Ki huta lafiya.

Ni ce 'yarki,
Unni